Abin da Aka Ɗauka a Jikin Baƙo

Ɗan kokawa ba ya barin komai nasa a ƙasa. In an yi masa aski, sai an tattara gashin an binne. In ya yanke farce, haka. Abokina Baƙo, wanda ya shekara huɗu yana tsaya wa yankin Barmu a filin kokawa na Tawa, ko tsumman da ya share gumi ba ya kwana a hannun wani. Kawunsa Manzo ke bin sa da jaka yana tsincewa. Manzo ne ya rene shi tun rasuwar ubansa, shi ke ɗaura masa layu, shi ke dafa masa sassaƙe. Na taɓa ganin tsohon nan ya durƙusa a gaban dubban mutane yana share sawun Baƙo da tafin hannu, don kada mutanen abokin karawa su ɗebi ƙasar su yi masa asiri. Ban yi dariya ba. Ni ma na yi kokawar kafin gwiwa ta ci amanata, kuma haka muka taso muka tarar.

Sunana Yunusu. Kabu-kabu nake yi tsakanin Tawa da ƙauyukan arewa, kuma a shekarar da nake ba da labarinta na samu wani aiki na gefe. Wasu likitoci sun kama hayar gida a bakin garin Barmu suna gwajin wani man shafawa. Ciwon da suke bi shi ne ƙurajen nan masu ruwa da ke fito wa mutum a al'aura, su yi ƙuna, su fashe, su warke, bayan wata biyu ko uku su dawo kamar sun manta kaya. Man ba ya kashe ƙwayar ciwon. An ce tsokanar jiki yake yi, ya tashi garkuwarsa daga barci ta yi faɗan da kanta, ko ƙurajen sa daɗe ba su dawo ba. Rabin masu zuwa ana ba su na gaske, rabi kuma man banza, kuma ko mai bayarwa bai san wanne ne wanne ba, sai lamba. Duk zuwan da mutum ya yi, ana goga masa ɗan tsinke mai auduga a wurin, a jefa a ƴar kwalba, a liƙa lamba. Ni aikina in ɗaure akwatin ƙanƙara mai kwalaben a bayan babur in kai Tawa kafin rana ta narkar da shi. Mai gogawar kuwa Aghali ne, ma'aikacin jinya, mutumin Affala, siriri kamar karan gero, wanda ko akuya ta tunkuɗe shi sai ya ba ta haƙuri.

Ni na kai Baƙo gidan nan, ba zan ɗora wa kowa ba. Wata rana na goyo shi daga kasuwar dabbobi, muna cikin tafiya, sai ya fara magana da bayana. Ƙato irinsa, mai ɗaga namiji sama kamar buhun ƙaiƙayi, yana magana ƙasa-ƙasa. Shekara biyar ke nan ciwon nan na zuwar masa, kuma ya fi son lokacin da gasa ta matso. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Kawunsa kuwa, ya ce gara ya mutu da ya ji.

"Yunusu, ka rantse," ya ce. "Ko uwakka kak ka hwaɗa mata."

"Na rantse da Allah da Annabi. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

Aghali ya karanta masa takarda da Hausa daga sama har ƙasa, ya dangwala hannu. Ya gaya masa sau uku, a gabana: shafa kaɗan, sau biyu a mako, a wanke bayan awa takwas. Wurin zai yi ja, zai yi zafi, in ya wuce kima a dawo. Baƙo na ta gyaɗa kai. To amma mutumin da ya tashi yana wanka da tulu guda na magani kafin ya shiga fili, shi za ka ce wa ya lakaci kamar ƙwayar gero? Saura kwana huɗu a yi kokawar zaɓen waɗanda za su tsaya wa jiha, ƙurajen suka fito. Baƙo ya bi su da man safe da yamma, ya lafta, bai wanke ba. Ranar fili ya ɗaure bante, Manzo ya zagaye masa ƙugu da igiyoyin layu, ya ja ya tamke.

Tun daga fitowarsa na san da matsala. Yana tafiya ƙafa a ware, ganguna na kiran sunansa, shi ko taka rawa ya kasa. Abokin karawarsa Ashiru ne na Affala, wanda sau uku Baƙo na shafa masa ƙasa a baya. Suka zagaya, suka yi tafi, suka rungumi juna. Ashiru ya samu igiyar ƙugu ya fizga sama da ƙarfinsa duka. Baƙo ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya zube a kan gwiwoyinsa biyu ba tare da an sa masa ko ƙafa ba. Fili ya ɗauki ihu. Da ya miƙe, jini na bin cinyarsa har gwiwa, kuma Manzo ya gani.

Abin da ya faru a gidansu, daga baya na ji. Manzo ya zazzage jakar Baƙo ya samu bututun mai wanda babu suna a jikinsa, sai lamba. Wani mai dogon baki ya ce ya sha ganin Baƙo a bayan babur ɗina muna shiga gidan likitocin. Manzo ya rufe ɗaki da shi, ya kwaɗa masa mari, ya ce ya yi magana. Baƙo ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. Ya ce ni na kai shi awon lafiya, wani mutumin Affala ya goga masa auduga a jiki ya jefa a kwalba, ya ba shi man nan. Bai faɗi dalili ba. Manzo kuma bai ce a nuna masa wurin ba, don akwai kunya tsakanin kawu da ɗa. Ya haɗa lissafinsa shi kaɗai: ɗan garin su Ashiru ya ɗauki abu a jikin ɗansa, a mafi tsadar wuri, kuma ɗan nasa ya faɗi a gaban Ashiru yana zubar da jini. In ni ne a matsayinsa, da irin tarbiyyar da muka samu, ban san me zan lissafa ba in ba wannan ba.

Kwana uku bayan kokawar, da hantsi, na ɗauko akwatin daga wurin Aghali na kama hanyar Tawa. Akwai inda hanyar ke gangarawa cikin kwari, tsakanin baƙaƙen duwatsu, da aduwa biyu suna kallon juna. A nan suka ɗaura igiyar rijiya daidai ƙirji. Ban gan ta ba sai da ta ɗauke ni. Na ji wuyana ya koma baya, na tashi sama, na dawo a kan kafaɗa. Babur ya biyo ni ya kwanta a ƙafata, bututun hayaƙin ya manne mini a ƙwauri, ina jin ƙaurin namana. Kafin in ja numfashi sanda ta sauka a haƙarƙarina.

Su biyar ne. Manzo, da ƴaƴansa uku riƙe da sandunan kiwo, sai Baƙo can baya a jikin aduwa, hannuwansa a saɓe, yana kallon ƙasa. Yaran nan duk na san su. Babban na sha goya shi kyauta zuwa Tawa lokacin da matarsa ke asibiti. Shi ya fara taka mini fuska.

"Nawa anka ba ka?" Manzo ya ce. "Nawa mutanen Affala sunka ba ka kas saida ɗana?"

"Kawu, wallahi ba abin da kaka zato ba na."

"Kak ka ƙara ce min kawu, munahuki!"

Sanda ta same ni a baki. Na tofar da haƙori biyu a kan dutse, na ga suna walƙiya cikin jini. Suka janye babur ɗin daga kaina don su samu wurin duka sosai. Wannan ya ba ni a baya, wancan a cinya, ƙaramin kuwa ya fi son kai. Na dunƙule na rufe fuska da hannu, sai suka koma kan hannun. Na ji yatsu biyu sun tafi, ƙas, ƙas, kamar ana karya kirare.

Manzo ya sa gatari ya fasa akwatin. Ƙanƙara ta watse a kan jar ƙasa, kwalabe kusan arba'in suka gangaro, kowacce da audugarta da lambarta. Ya tsuguna yana juya su da yatsa. Bai iya karatu ba, kuma ko ya iya babu suna.

"Wacce ta ta Baƙo?"

"Ban sani ba. Lamba ta, ko ni ban sani ba."

"Duba min nan! Ashe ba ɗana ɗai ba, gari guda sunka kwashe!"

Ya tara su wuri ɗaya da ƙafa, ya sa aka cire robar man babur ɗina aka tsiyaya fetur a kansu, ya ƙyasta ashana. Wutar ta ci kwalaben, ta bi sawun fetur ta kama babur ɗin. Ina kwance ina kallon abin da nake ci da iyalina da shi yana ƙonewa. Mutum arba'in suka danne kunyarsu suka kwance wando a gaban wanda ba su sani ba don a samu abin da ke cikin kwalaben nan, ga shi yana fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaga kai na nemi abokina.

"Baƙo," na ce. "Hwaɗa musu. Don Allah hwaɗa musu."

Bai ɗago ba. A lokacin nan na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Kalma biyar za ta tsayar da sandunan nan, tana bakinsa, ya bar ni ana sassaƙata kamar turmi. Amma tana bakina ni ma, kuma na riƙe. Na rantse da Allah da Annabi, kuma na san abin da zai biyo baya in ta fita. Mawaƙan Affala za su sa shi a waƙa kafin sati. Ba zai ƙara kwance riga a fili ba. Na ce a raina, duka ne, na sha duka a kokawa, jiki zai warke.

"Mi za shi hwaɗi?" Manzo ya ce. Ya ɗora mini ƙafa a kan karyayyun yatsun ya murza. "Kai za ka hwaɗi. Mi anka yi da abin da anka ɗauka tun hwarko? Ina anka bizne shi?"

Na yi ihu har muryata ta dushe, amma ban ce komai ba. Suka ci gaba har suka gaji. Idona ɗaya ya rufe, kunnena na hagu ya daina ji. Can na ji Manzo yana haki a kaina.

"Ku bas shi, wanga jaki na, kaya ɗai ya ka ɗauka. Mu tahi ga mai audugar. Hannun da yat taɓa ɗana, yau shina rabuwa da shi."

Babban ɗansa ya sunkuya ya ɗauki gatarin. Ya gwada bakinsa da babban yatsa.

Daga kwarin nan zuwa gidan likitocin bai kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba. Na bar Aghali shi kaɗai yana wanke hannu a bakin randa, likitocin sai jibi za su zo. Mutumin da ko sanda ɗaya irin wadda na sha ba zai ɗauka ba. Na dubi gatarin, na dubi Baƙo. Na ba shi lokaci, Allah shaida ne. Na bari har suka juya baya suka fara hawa gangaren, ina jira ya buɗe baki. Ya bi su da ido kawai, hawaye na zubo masa, ƙafarsa ba ta motsa ba.

Sai na faɗa. Na dafa gwiwar hannu na ɗago, na faɗa da duk sauran muryar da ta rage mini.

"Ciwo gare shi! Ƙuraje na ga gabanai, masu ruwa, su hwashe su warke su komo! Shekara biyat shina hwama! Shi yar roƙe ni in kai shi! Magani anka ba shi anka ce ya shahwa kaɗan, yal lahta shi duka har wurin yas saɓule! Babu asiri, babu Ashiru, babu kowa! Ku sa shi ya kwance ku gani!"

Kwarin ya yi tsit, sai ƙarar tayar babur da ke ci. Yaran suka juyo suna kallon Baƙo, ƙaramin har bakinsa a buɗe. Manzo ya tsaya cak a tsakiyar gangaren. Sandarsa ta sauka a hankali har ta taɓa ƙasa. Bai tambayi Baƙo ko gaskiya ne ba. Fuskarsa ta yi wani iri, amma ban samu damar karanta ta ba, don a lokacin Baƙo ya taho.

Wallahi na zaci tayar da ni zai yi. Har na miƙa masa hannun da ke da lafiya. Ya kama shi, ya sa ɗayan hannun a tsakanin ƙafafuna, irin kamun da muka koya tare a yashin bayan gari muna yara. Ya ɗaga ni sama da kansa. Na ga sama, na ga kan aduwa, na ji yana wani gurnani kamar sa a hannun mahauta. Ya maka ni a kan dutse. Duk dukan da mutum huɗu suka yi mini bai kai rabin wannan ba. Na ji ƙuguna ya tsage daga ciki, ƙafata ta dama ta juya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Kafin duhu ya rufe ni na gan shi yana hawa duwatsu, ba ta hanyar Barmu ba, ba ta hanyar Tawa ba.

Manzo da ƴaƴansa ba su je wurin Aghali ba. Su da kansu suka tare motar haya suka sa ni a ciki.

A asibiti a Tawa aka sa mini ƙarfe a ƙugu. Jandarmomi suka zo da takarda, na ce faɗuwa na yi da babur. Suka dubi bayana da ya yi layi-layi, suka dubi juna, suka rubuta abin da suka ga dama. Shiruna bai tsare komai ba. Yaran nan uku duk suna da mata, matan kuma suna zuwa rijiya. Kafin a cire mini zare maganar ta zagaye Barmu ta kai Affala, aka kuwa sa ta a waƙa kamar yadda na zata. Baƙo ya bi motar Abijan, bai yi sallama da kowa ba, har yau ban ji muryarsa ba. Likitocin suka ce ba za su bar ma'aikacinsu a inda ake tare hanya da gatari ba, suka rufe gidan suka kwashe kayansu. Aghali ya zo duba ni kafin ya tafi, ya riƙe mini kwanon fura da hannuwansa biyu ina sha. Na yi azumi uku na kaffarar rantsuwa a kan gadon nan. Malam ya ce ya wadatar, ni dai ban ji ya wanke mini komai ba.

Manzo ya rasu bara, shi ya sa zan iya faɗin sauran.

A sati na uku ya zo, da safe, shi kaɗai. Duk kwanakin nan ina kwance ina tsara zagin da zan yi masa, na jera su tun daga kakanninsa. Ya yi sallama, ban amsa ba. Ya ajiye ƙullin cuku a gefen gado ya zauna a ƙasa, tsoho mai furfura, ya naɗe ƙafa kamar wanda ya zo gaban alƙali. Ya daɗe yana murza hularsa. Sai da mai jinyar gadon kusa ya fita ɗibar ruwa sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Abin ga da kac ce. Masu ruwa, su hwashe, su komo."

Ya ƙara matsowa.

"Shina hwarawa da ƙaiƙayi? Awa cinnaka na tahiya ƙarƙashin hwata, kwana guda kahin su hito?"

Ban faɗi haka a kwari ba. Baƙo ma bai taɓa gaya mini haka ba. Na juyo da idon da ke gani na dube shi, ya kau da kai.

"Tun ba a haihi Baƙo ba," ya ce. "Shekara talatin da wani abu. Na sha sassaƙe har na gaji." Ya dubi ƙofa. "Mutumen ga na Affala, maganin nai, ana ba tsohwahhi?"

"An ruhe gidan," na ce. "Kai ka sa anka ruhe shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ya san amsar.

"Da ya gwada min," ya ce, "kallo guda na gane. Da ya gwada min, Yunusu."

"Kai mi yah hana ka hwaɗa mai? Gida guda kuke, kai ka ɗaura mai bante. Sau guda da ka ce, ɗana, akwai wani ciwo haka, ni ma ina da shi, ba a mutuwa. Da yanzu shina gida. Da ina bisa ƙahwahuna."

"Ɗana na," ya ce. "Ƙaƙa ni ka buɗe baki in hwaɗi haka ga ɗana?"

Sai ya rufe fuska da hular ya fashe da kuka, kafaɗunsa na girgiza. Na nemi zagin nan da na yi sati uku ina tarawa, ko ɗaya bai zo ba. Baƙin ciki ne kawai ya cika mini ƙirji, nawa da nasa da na wanda ke can Abijan yana zaton shi kaɗai Allah ya jarraba. Ga bayana ya yi zafi, tun asuba nake kwance a gefe ɗaya, kuma ba na iya juyawa da kaina. Babu kowa a ɗakin sai shi.

"Kawu," na ce, "tashi ka juya ni."

Ya share fuska, ya miƙe, ya sa hannu ɗaya a kafaɗata ɗaya a ƙarƙashin karyayyen ƙugun, ya juya ni a hankali yana ce mini sannu.